Na gyara gida da kuɗin shago, yaron lissafi ya ƙi rubutawa

Wasiƙar wannan mako daga unguwar Ali Ɗan Sofo ta fito. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa maƙwabta su gane mai ita.

"Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayen wake da aya da riɗi a kasuwannin ƙauye ina sayarwa a nan Maradi, wani lokaci in kai wa masu furoje. Shekara biyu ke nan da na bar lampon dunƙule na koma tsarin da ake biya bisa riba, don manyan masu saye ba su karɓar kaya sai da cikakkun takardu. Tun ruwan damanar 2024 katangar gidana ta tsage, kwano yana yoyo, sai bara Allah ya hore na yi aiki. Katanga da kwano sun ci miliyan 1 da jikka 300. Daɓen karo a falo da ɗakunan iyali, jikka 900. Gyaran bayi, jikka 350. Na gina magaza ta ajiyar kaya a gefen zaure, ƙofarta tana kallon titi, miliyan 1 da jikka 100. Na sa sola, jikka 550. Duka miliyan 4 da jikka 200, kuma daga kuɗin shago na ɗiba. Wani abokina a kasuwa ya ce in zuba su duka cikin abin da kasuwanci ya kashe, lampona zai sauko sosai, wai kowa haka yake yi. Mai kayan gini ma ya yarda ya sake mini faktir, wato takardar sayen kaya, da sunan shago, ya rubuta 'kayan gyaran magaza'. To yaron da ke riƙe mini lissafi, ɗan wan maiɗakina ne, ya ce shi magaza kaɗai zai rubuta, ita ma ba duka a shekara ɗaya ba. Yau kwana goma daga gaisuwa sai gaisuwa. A gidan nan nake ajiye kaya, a zaure nake karɓar abokan ciniki, ashe ba na kasuwanci ba ne? Ƙanena yana da kashi ɗaya cikin uku a jarin, amma rajista da sunana take, shi yana Agadas. In sallami yaron in nemi wani?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a ginin, ya sa a daɗe ana shan inuwarsa.

Kada ka sallami yaron. In da hali ma ka ƙara masa na goro. Mai lissafin da zai dubi mijin gwaggonsa, wanda yake cin albashi a hannunsa, ya ce masa a'a, ba a tsintar irinsa a bakin tasha. Wanda za ka samo a madadinsa, mai rubuta duk abin da aka ce masa, ranar da masu binciken lampo suka shigo shi ne zai fara cewa "Alhaji ne ya ce in rubuta."

Bari in fara da abokinka, don ina zaton ba da mugun nufi ya faɗa maka ba. Ka tambaye shi wane irin lampo yake biya. Na kusa rantsewa na dunƙule ne, wanda ma'aikatan lampo ke kira santetik. Shi wannan ba ruwansa da abin da ka kashe. Ana duba girman cinikinka ne a yanka maka, ko ka sa karo har saman katanga, ko ka kwana a tabarma, abin da za ka biya bai canza ba. Mutumin da ke wannan tsari zai iya rubuta kuɗin gyaran gida, da na biki, da na ragon layya a littafinsa, ba wanda zai waiwaye shi, don littafin bai rage wa gwamnati ko dala ba. Shi ya sa yake ganin kowa haka yake yi. Kai kuwa ka bar wannan layi. Kana tsarin reyel, inda ake ɗaukar abin da ya shigo, a cire abin da kasuwanci ya kashe, abin da ya rage a ɗauki kashi 30 cikin ɗari. A nan kowace jikka da ka rubuta a matsayin kashewa tana rage wa baitulmali sefa 300. Saboda haka akwai mai zama ya duba ta. Abokinka yana ba ka shawarar tafiya a hanyar da shi bai taɓa bi ba.

Na san lissafin da ya shiga ranka. Miliyan 4 da jikka 200, kashi 30 nata miliyan 1 da jikka 260 ne. Kuɗi ne masu kauri, ba wanda zai gan su ya kau da kai. To amma ba naka ba ne tun farko, kuma ga dalili.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Kafin a yarda a cire wani kuɗi daga riba, sai an kashe shi don amfanin kasuwancin kansa, akwai takardar da ke shaida an kashe shi, an rubuta shi a shekarar da ya dace, kuma ya zama kuɗi ne da ya tafi, ba wanda ya koma kadara ba. Ba a tambayar daga wane aljihu kuɗin ya fito. Abin da ake tambaya shi ne me ya zama. Buhun siminti ɗaya ne a wurin mai sayarwa, amma wanda ya zama daɓen magaza da wanda ya zama daɓen ɗakin Hajiya, a littafin lissafi ba su ko gaisawa.

Karo da bayi, miliyan 1 da jikka 250, ba sai mun ɓata lokaci a kansu ba. Wake ba ya kwana a falo, aya ba ta wanka. Na ji ka ce a zaure kake karɓar abokan ciniki. Haka ubana ya yi, haka kakanka ya yi, haka rabin Maradi ke yi. Mai shayi ma yana gaisawa da abokin ciniki a ƙofar gidansa. Zaman da baƙo ya yi a tabarmarka ya sha fura kuka tsayar da farashi bai mai da gidan ofis ba. Da a ce ka ware ɗaki guda, da tebur, da sikeli, da kabad na takardu, yara ba su shiga, iyali ba su kwana, da sai mu yi wata magana. Amma ba shi ka rubuto mini ba.

Na taɓa ganin irin wannan da idona, shekaru da dama da suka wuce, lokacin ina riƙe wa wani ɗan kasuwa littafi. Kafin in zo, wanda na gada ya zuba faktir ɗin katan-katan na karo cikin kuɗin gyaran magaza. Mai bincike ya zo, mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya zauna ya sha ruwa, ya buɗe fayil, ya zaro takardar ya ce a raka shi ya ga aikin. Muka shiga magaza. Daɓen siminti ne tsirara, ya tsattsage, ga buhuna a kan katako, ga gizo-gizo a kusurwa. Ya sa ƙafa ya share ƙurar wuri ɗaya, ya duƙa ya duba, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ko an ɗauke karon ne an kai wanki?" Ba wanda ya yi dariya. A daidai lokacin wata yarinya ta buɗe ƙofar cikin gida za ta fito da tire, sai ga tsakar gida tana ƙyalli, fari da ruwan toka, irin wanda aka rubuta a faktir. Daga wannan takarda ɗaya ya daina yarda da sauran. Ya bi shekarun baya ɗaya bayan ɗaya, har kuɗin da aka kashe da gaskiya sai da muka sha wahalar kare su. Aka mayar da kuɗin cikin riba, aka sake lissafin lampo, aka ɗora tara, aka ɗora kuɗin jinkiri. Abin da mutumin ya biya a ƙarshe ya fi abin da ya yi zaton ya tsira da shi, ban da kwanakin da ya yi bai leƙa kasuwa ba.

Wannan ya kawo ni kan mai kayan gini da tayinsa. A duk wasiƙarka nan ne gabana ya faɗi. Wanda ya rubuta kuɗin gida cikin na shago bisa rashin sani, kuskure ya yi, ana gyarawa. Wanda ya sa aka sake takarda aka canza sunan kaya don a ɓoye inda suka tafi, ya ƙirƙiri shaidar ƙarya, kuma ba ya iya cewa bai sani ba, tunda takardar da kanta tana nuna ya sani. Ga shi yanzu hukumar lampo ta shigo da faktir ta na'ura, mai lamba da tambarin da ake dubawa da waya, wadda bayaninta ba ya tsayawa a shagon mai sayarwa kaɗai. Takarda biyu a kan kaya ɗaya, ɗaya ta ce karo ɗaya ta ce kayan gyara, ramin ƙarya ke nan, kuma ka san ƙurarre ne. Sannan ka ba mutumin nan igiya ya riƙe. Yau abokin arziki ne. Ranar da kuka saɓa a kan bashi, ko ranar da shi aka matsa masa, sirrinka yana cikin durowarsa. Ka gode masa, ka ce ka fasa. In har ya riga ya rubuta, ka mayar masa ya soke ta a littafinsa, ka riƙe ta farkon.

Magaza kuwa taka ce, wato ta kasuwanci ce, ba wanda zai yi maka gardama. Ƙofarta tana titi, buhuna ne a ciki. Sai dai yaron ya yi gaskiya da ya ce ba a shekara ɗaya ba, kuma na san wannan ne ya fi ba ka haushi, don a ganinka kuɗin sun fita gaba ɗaya, me zai sa a ƙi cire su gaba ɗaya? Ka dube shi ta nan. In ka biya ɗan dako, kuɗin sun tafi, ba za ka sake ganinsu ba. In ka gina magaza, kuɗin ba su tafi ba, sun canza kama ne, sun zama bulo da kwano suna tsaye a ƙofar gidanka, za su yi maka aiki bana da baɗi da shekaru masu yawa. Wanda ya sayi saniya bai yi asara ba, ya mai da kuɗi saniya. Abin da ake cirewa shi ne tsufan da ginin ke yi kowace shekara, abin da masu lissafi ke kira amortisima. A yi misali an raba shi shekara 20: jikka 55 ke nan a shekara, lampon da zai ragu jikka 16 da rabi. Misali na ba ka, yawan shekarun doka ce ke yanke shi bisa irin ginin, yaronka zai duba. Amma ka ga tazarar da ke tsakanin jikka 16 da rabi da miliyan 1 da jikka 260. A cikin wannan tazara abokinka ya gina maka gida a iska.

Gyara daban, gini daban. Baɗi in kwanon magaza ya yi yoyo aka toshe, ko aka yi mata fenti, ko aka sake kwaɗo, ko aka yi feshin ƙwari kafin a zuba wake, duk wannan kuɗin shekarar ne, a cire shi nan take. Abin da ya mayar da wuri yadda yake a da, kashewa ne. Abin da ya ƙara masa girma ko daraja ko tsawon rai, kadara ne.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Ranar da ka shigar da magaza littafin kasuwanci, ka sanar da cewa wannan yanki na gidanka wurin sana'a ne. Patanti, wato lampon sana'a, yana duba darajar hayar wurin da ake sana'a a ciki, lampon gine-gine ma yana bambanta gidan da mutum ke zaune da iyalinsa da wurin da ake neman kuɗi. In kuma wata rana ka sayar da gidan, rabon magaza a cikin kuɗin zai bi ta littafin shago. Ban ce kada ka shigar ba, shigarwa ita ce daidai. Na faɗa ne don ka gane abin da abokinka yake nema ya ja maka: in ka ce gidan duka na kasuwanci ne don a rage maka a nan, ka buɗe ƙofar da za a ce to, tunda na kasuwanci ne, zo mu lissafa shi duka a can. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya yi masa aski.

Saura katanga da sola, su ne masu ruwa biyu, kuma a nan nake ganin yaron ya ɗan tsaurara fiye da kima, ko kuma tsoro ya sa ya zaɓi hanyar da ba za a kama shi ba. Abin da gida da shago ke amfani da shi tare, ana iya raba shi, in dai rabon yana da ma'auni da mutum zai iya nunawa da yatsa. A ce filinka mita 20 ne a kan 20, murabba'i 400, magaza kuma 5 a kan 8, murabba'i 40. Kashi ɗaya cikin goma ke nan. Kwanon da aka canza a kan ɗakunan kwana ba ya ciki ko kaɗan. Amma ɓangaren katangar da ya zama bangon magaza, ko ƙofar ƙarfe da aka faɗaɗa don amalanke da mota su juya su sauke kaya, wannan yana da hujja. Sai maso, wato magini, ya ware maka nawa katanga ta ci, nawa kwano ya ci, don a dunƙule ka ba ni su. Sola ma haka. Ku ƙirga abin da ke jan wuta: firiji, talabijin, fankoki, fitilun ɗakuna a gefe guda, ƙwai biyu na magaza, sikeli da kwamfutar yaron a ɗaya gefen. In gaskiya ta ce kashi ɗaya cikin biyar, a rubuta jikka 110 a matsayin kayan aikin shago, su ma a raba su bisa shekarun da za su yi. A zana taswirar gidan a takarda ko da biro ne, a rubuta awon, a ɗauki hoto, a sa cikin fayil. Mai bincike yana iya cewa kashi ɗaya cikin shida ne ba biyar ba, ku yi ciniki kamar yadda ka saba. Abin da ba ya yafewa shi ne rabon da aka ciro daga ka.

Na san matsalar maso. Yawancinsu ba su da NIF, wato lambar rajistar lampo, ba su san faktir ba, kuɗi a hannu, sai "Allah ya amfana". Don aikin magaza, ka kira shi ku rubuta abin da ya yi da abin da ya karɓa, ya sa hannu, a haɗa da hoton katinsa na ɗan ƙasa. In ta Nita ko Amana ka tura masa wani abu, ka nemo rasit ɗin. Ba ta kai faktir ƙarfi ba, kuma mai bincike yana iya ƙin ta, amma ta fi "wallahi na biya shi". Nan gaba duk aikin shago mai nauyi, ka nemi mai takarda tun kafin a kwaɓa siminti. Takardun kuma a adana su shekara 10, haka dokar lissafi ta OHADA ta ce, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya wadda Nijar ke bi tare da sauran ƙasashen Afirka 16.

To kuɗin gidan fa, ina za a rubuta su, tunda sun riga sun fita daga akwatin shago? Suna da wurinsu, kuma ba wurin kunya ba ne. A tsarin lissafin da ake bi akwai asusu mai lamba 104, asusun mai kasuwanci. Duk abin da maigida ya ɗiba don kansa, cefane ne, kuɗin makaranta ne, karo ne, nan ake rubuta shi. Ba laifi ba ne ka ci daga dukiyarka. Ba wanda ya ce kada ka gyara gidanka da ribarka, don me ake neman ribar in ba don wannan ba? Abin da aka hana shi ne a kira cin riba da sunan asara. Da kamfani ne mai rajista irin SARL, wanda dukiyarsa daban take da ta masu shi, da maganar ta fi haka zafi, don a can kuɗin kamfani ba na manaja ba ne ko da shi ya kafa shi, kuma ɗibarsu don amfanin kai laifi ne da doka ta ambata da suna. Kai da rajistarka ke da sunanka, hanyarka a buɗe take: ɗiba, ka rubuta ka ɗiba.

Yanzu in zo kan abin da ka sa a layin ƙarshe kamar ba komai ba, alhali shi ne ya fi lampo nauyi. Ƙanenka.

Alhaji, karo da bayi da katanga da kwano sun tashi miliyan 2 da jikka 550. In aka rubuta su a matsayin abin da kasuwanci ya kashe, ribar shekara ta ragu da wannan adadi. Ranar rabo, ƙanenka zai karɓi kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. Wato jikka 850 daga haƙƙinsa sun shiga daɓen falonka, yana Agadas bai sani ba. Na tabbata ba ka yi wannan lissafi ba, don da ka yi da ba ka rubuto mini kana neman a tsawata wa yaro ba. Hankalinka yana kan gwamnati, ka manta cewa littafin da za ka nuna wa ma'aikatan lampo shi ne littafin da za ka nuna wa ɗan'uwanka. In kuwa ka ce za ka riƙe biyu, ɗaya na ofis ɗaya na gida, to ka shiga sahun mutanen da bayan shekara biyar su da kansu ba su san wanne ne na gaskiya ba. Lampo ana biya da tara a wuce. Haƙƙin ɗan'uwa kuwa ka fi ni sanin inda ake biyansa.

Magazar ma akwai magana a kanta. An gina ta da kuɗin haɗaka a kan filin da takardarsa ke da sunanka kai kaɗai. Yau kuna raye kuna dariya, ba matsala. Ranar da ɗayanku ya kwanta dama, ƴaƴanka za su ce gidan ubansu ne har bakin titi, ƴaƴansa su ce da kuɗin ubansu aka yi. Duk wanda ya zauna garin nan ya san gidajen da aka rufe magazarsu da kwaɗo biyu, kowane ɓangare da nasa, har kwano ya yi tsatsa ana jiran alƙali. Maradi ta tashi da alhazan da suka yi arziki da gyaɗa da fatauci tsakanin nan da Katsina da Kano, mutane masu riƙe lissafin miliyoyi a ka. Amma sau nawa ka ga dukiyar ta wuce jikoki? Ba rashin albarka ba ne kullum. Sau da yawa aljihun maigida shi ne akwatin shago, ranar da ya tafi ba wanda ya san ina gida ya tsaya ina kasuwa ta fara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ka kira ƙanenka a waya, ka gaya masa abin da ka ɗiba da abin da aka yi da shi. Ku yanke: ko a cire kuɗin gidan daga rabonka, ko su zama bashi a kanka da lokacin biya. Magaza kuma ko ta zama ta haɗaka a rubuce, ko ka mayar da kuɗinta ta zama taka, ku daidaita a kan amfanin da shago ke yi da ita. Kowanne kuka zaɓa, a rubuta, mutum biyu su sa hannu.

Wataƙila kana cewa a ranka, ai kuɗin lampon nan ba mu ganin aikinsu, ga kwata a toshe, ruwa ya ci katangata ba wanda ya ba ni ko bulo. Ban ce kukanka ba shi da tushe ba, ni ma unguwarmu da damana sai an naɗe wando. Amma wurin wannan kuka majalisar ƴan kasuwa ne da ƙungiyarku ta masu hatsi, inda murya ɗari ke haɗuwa. Faktir ɗin ƙarya ba ta yashe kwata, kai kaɗai take jefawa ciki. Kuma ko da ka share ribar duka a takarda, akwai mafi ƙarancin lampo da ake lissafawa bisa ciniki, ba ka tsira gaba ɗaya ba.

Sannan ka tuna me ya sa ka koma reyel. Don manyan masu saye su yarda da kai ne. Gobe in ka shiga banki neman kuɗin sayen aya da kaka, lissafin shekarun baya za su nema. Mutumin da ya ɓoye ribarsa da hannunsa ya je yana rantse wa ma'aikacin banki cewa kasuwarsa tana ci, takarda kuma tana cewa da ƙyar yake numfashi, wa za a gaskata? In kuma bincike ya kama ka aka riƙe takardar shaidar biyan lampo har sai ka biya, kwangilar da kake jira wani za a ba.

Lokaci bai ƙure ba. Ana rufe lissafin shekara cikin wata huɗu bayan ƙarewarta, wato zuwa ƙarshen Afrilu, kuma daga wasiƙarka ba ku kai komai ofis ba tukuna. Ba abin da ya ɓaci, ba abin da za a janye. In kana son kwanciyar hankali a kan rabon katanga da sola, ka biya ƙwararren mai lissafi da ke cikin ƙungiyarsu ta ƙasa ya duba fayil ɗin sau ɗaya, ko ku je ofishin lampo ku yi tambaya kafin ku ajiye. Tambaya kafin ajiyewa kyauta ce.

Game da yaron, ba sai ka tara mutane ka ba shi haƙuri ba, na san abin da girma ke hanawa, shi ma ba zai so ba. Ranar Asabar da safe ka aika a kira shi, ka ce ya zo da littafin da mitar awo. Ka riƙe masa bakin mitar a kusurwar magaza, shi ya ja ya karanta lamba. In kun gama ku zauna a zaure, a kawo fura, ka danna lambar Agadas ka sa a sifika, ka ce masa, "Karanta wa babanka abin da muka rubuta."